Tambayoyi da amsoshi akan zama da 'yar aikin da ta zo daga wata ƙasa ko wata ƙabila

Waɗannan tambayoyi ne da matan gida suke ta maimaitawa akan mai aikin da ba 'yar garinsu ba, wadda aka kawo daga Nijar ko Kwatano ko Togo, ko kuma 'yar ƙasa ce amma daga kudancin Kaduna ko Filato ko Binuwai, yare ba ɗaya ba wani lokacin addini ma ba ɗaya ba. Na fi yin magana da uwar gida saboda ita ke wuni da yarinyar, amma maigida ma akwai nasa a ƙasa, kar ya ce an tsallake shi.

Yarinyar da aka kawo min bata sallama in zata shigo ɗaki, tana yawo ba ɗankwali, jiya har sunan ɗana na fari ta kira gatsau a gaban surukata. Wannan ba rashin tarbiyya bane?

Hajiya kafin ki yanke mata hukunci ki tambayi kanki, wa ya gaya mata? Mu da muka tashi a ciki gani muke kowa ma ya sani, alhali alkunyar sunan ɗan fari, da cire takalmi a bakin ƙofa, da rashin faɗawa turakar maigida, da doguwar gaisuwar nan ta ina kwana ina gajiya ya yara ya aiki, duk abubuwa ne da aka koya mana tun muna goye. Ita ma tana da nata tarbiyyar da uwarta ta bata, a garinsu ƙila ita ce ma yarinyar da ake kwatance da ita wajen ladabi, kawai dai ladabin nasu ba irin namu bane. Toh a satin farko ki zaunar da ita, in bakwa jin yaren juna ki nemo wanda zai fassara, ki lissafa mata dokokin gidanki ɗaya bayan ɗaya harda dalili, ki saya mata ɗankwali da doguwar riga in shigarta ce bata miki ba, ba wai ki barta da kayan da tazo dasu sannan kina harararta kullum ba. Wadda aka gayawa sau uku sau huɗu ta ƙi ji, wannan kam kina iya cewa taurin kai ne. Wadda ba'a taɓa gayawa ba bata yi laifin komai ba.

Duk abinda na ce sai tace "to", amma in na dawo sai in tarar ta yi wani abu daban

Wannan "to" ɗin ba na fahimta bane, na tsoro ne. Yarinyar da ke jin Zabarmanci ko Fon ko Ewe da ɗan Faransanci, Hausarta bata wuce ta gaisuwa ba, kin jero mata aiki biyar a numfashi ɗaya kina sauri zaki fita ofis, me kike so tace? Ki nuna mata da hannu, ki tsaya ta yi a gabanki. Musamman gas, dan Allah kar ki ɗauka kowa ya iya, wadda duk rayuwarta da itace take girki a murhu bata san warin gas alamar haɗari bane, haka hita da dutsen guga da injin markaɗe da kuma haɗa sinadaran wanke banɗaki wuri ɗaya wanda hayaƙinsu ke shaƙe mutum.

Ko 'yan Nijar da muke Hausa ɗaya dasu akwai wajen da ake samun ruɗani, wajen kuɗi. Su da dala suke ƙirga sefa, dala ɗaya sefa 5 ce, dan haka in tace ɗari biyu tana iya nufin sefa 1000 wato jaka guda. In kuna maganar albashi ko aike ku rubuta lambar ku faɗi ko naira ce ko sefa.

Bata cin abinci sosai, na rasa ko raini ne ko ciwo

Ya danganta daga ina take. In Bafulatana ce akwai kunyar nan tasu, zata iya wuni da yunwa bata ce miki komai ba kuma ba zata ci a gaban mutane ba, sai ki zuba mata ki bata wuri. In daga kudancin Jamhuriyar Binin ko Togo take, bakinta ya saba da tuwon masara da garin rogo da miyar manja da kifi, miyar kuka da daddawa sai a hankali, ki barta ta ɗan dafa irin nasu wani lokacin, ba wani kuɗi zai ci miki ba kuma zakiga yadda fuskarta zata sake.

Amma tunda an taɓo maganar abinci bari in faɗi wadda ba'a tambaya ba. Akwai gidajen da ake dafa tukunya biyu, ta 'yan gida da nama, ta 'yar aiki kuma ƙanzo da ragowar jiya, a kulle firji da sito a fita da makulli, a ware mata kofi da kwano kamar mai cuta. Hadisin Abu Zarri da ke cikin Buhari da Muslim kowa ya haddace shi tun Islamiyya, cewa masu yi muku hidima 'yan uwanku ne, ku ciyar dasu daga abinda kuke ci, ku tufatar dasu daga abinda kuke sawa, kar ku ɗora musu abinda ya fi ƙarfinsu, in kun ɗora ku taimaka musu. Kuma fa akan bayi aka faɗi wannan, balle 'ya mai 'yanci da tazo neman halak ɗinta. Wadda ta sha zafin tukunyar ace ita ce bata san ɗanɗanon naman ba, haba.

Kirista ce, tana son zuwa coci ran Lahadi. Dole in barta? Kuma in na canja mata suna akwai laifi?

In kin san ba zaki iya barinta ba to tun ranar farko ya kamata ki faɗa, ta zaɓa ko ta zauna ko ta nemi wani gidan. Amma ki ɗauke ta kin san addininta sannan ki hana ta ibada, wannan danniya ce, kuma ke kanki in 'yarki ce ke aiki a Fatakwal aka hana ta sallah da sai duniya ta ji. Ki barta taje, ku yi lokacin dawowa.

Azumi ma ki tuna da ita. Gidaje da yawa in Ramadan ya kama ba'a ɗora tukunya sai la'asar, yarinyar da bata azumi sai ta wuni da yunwa tare daku kuma ita ce mai feraye dankali da soya ƙosai, ki ware mata abinda zata ci da rana. Musulmar ma da take azumin, aikin Ramadan ninkuwa yake, ita ce ta ƙarshe a kwanciya ita ce ta farko a tashi sahur, ki rage mata na rana.

Suna kuwa, nata ne, iyayenta suka yanka mata. Kice Blessing ko Akouvi ya miki wuyar faɗa daga yau sunanki Ladi, bai dace ba sai in ita ta yarda da bakinta ba dan tsoro ba. Maganar musuluntarwa kuma, Alƙur'ani ya ce babu tilas a addini a Baƙara aya ta 256, kuma yarinyar da abincinta da makwancinta da albashinta duk suna hannunki in tace ta yarda baki da tabbacin zuciyarta ce ta yarda ko cikinta. In ƙarama ce kuma iyayenta basu sani ba, rigimar da zaki jawo tafi ƙarfin gidanki. In halinki ya burge ta da kanta zata yi tambaya.

Nawa ya kamata in biya?

Ba zan baki lamba ɗaya ba saboda Abuja daban Gusau daban, gidan mutum uku daban gidan mutum goma sha biyar daban. Abinda zan ce shine mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, duk da dokar bata hau kan wanda ma'aikatansa basu kai 25 ba, dan haka ba wanda zai kama ki akan kin biya ƙasa da haka. Amma ki riƙe lambar a ranki ki auna, ko kin cire kuɗin ci da kwana, abinda kike bayarwa yana kusa da ita kuwa? Akwai masu biyan abinda ko kuɗin datar wayarsu na wata bai kai ba, kuma albashin yana nan yadda yake tun kafin a cire tallafin mai a 2023.

In 'yar Nijar ce ko Binin ko Togo akwai ƙarin lissafi, ita sefa take turawa gida. Shekarun baya jaka ɗaya bata kai naira 500 ba, bayan faɗuwar naira sai da ta haura 2,000, kinga kenan albashin da in an kai kasuwar canji ta Wapa a Kano a da yake zama kuɗi mai kauri yanzu ya zama abin tausayi. Shi yasa da yawansu suke komawa ko suke neman ƙari, ba kwaɗayi bane.

Dillaliyar da ta kawo ta tace ita zan dinga ba kuɗin. Haka ne daidai?

Nan ne yawancin zaluncin yake kwana. Dillaliya ta karɓi la'adarta sau ɗaya a hannunki, shikenan an gama da ita. Amma tsarin da duk wata ita ce zata zo ta karɓe albashi tace zata kai wa iyaye, ke baki taɓa jin muryar iyayen ba, yarinyar ma bata san nawa ake biya ba, sai ta shekara biyu tana wanke-wanke ta koma ƙauye da leda ɗaya ta tsofaffin kaya, wai kuɗin kayan ɗakin da aka ce ana tara mata ba labari. Kuma kar ki ce ai ni na biya ba ruwana, kin san inda kuɗin ke tafiya kika rufe ido.

Ki dage sai kin yi magana da uwar ko uban a waya, yarinyar na wajen tana ji, a faɗi albashi a fili. In babba ce a hannunta zaki damƙa ko a asusunta. In ta roƙi ki ajiye mata to ku buɗe littafi, duk wata ku rubuta ta dangwala, kuma duk ranar da tace a bata ki bata ba tare da "me zaki yi dasu" ba. Masu riƙe albashin wata uku wai dan kar yarinya ta gudu, ku tuna hadisin Ibn Majah na a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, da wanda yafi shi tsoratarwa a Buhari inda Allah da kansa yace zai yi husuma ranar alƙiyama da mutum uku, cikinsu akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci ya gama morarsa ya hana shi ladansa.

Ni fa kamar 'yata na ɗauke ta, meye na wani rubuta yarjejeniya kamar kamfani?

Wallahi wannan kalmar ta "kamar 'yata" tafi zagi cutar da 'yan aiki. Da ita ake jinkirta albashi, ai 'yar gida ce zata yi haƙuri, da ita ake tashinta ƙarfe sha biyun dare ta dafa indomi, da ita ake aika ta gidan ƙanwarki ta yi wankin biki kyauta. Amma in an zo ɗinkin sallah da makaranta da asibitin kuɗi sai a tuna ashe ba 'yar gida bace. Toh in 'yarki ce ki sa ta makarantar da 'ya'yanki suke, in kuwa ma'aikaciya ce ki bata haƙƙin ma'aikaciya, kar ki tsaya a tsakiya kina ɗibar wanda ya miki daɗi a kowane ɓangare.

Takardar ba wani abu bane mai wuya, shafi ɗaya ne, aikin da zata yi da wanda ba nata ba, albashi da ranar biya, ranar hutu, yaushe zata je ganin gida kuma wa zai biya kuɗin mota, wa zai biya magani in ta kwanta, sai sanarwar sati nawa in ɗayanku na son rabuwa. A karanta mata da yaren da take ji, shaida ɗaya nata ɗaya naki. Ke ma kariya ce gare ki ranar da wani kawu zai bayyana yace ba'a biya ba.

Shekararta goma amma tana da wayo sosai, kuma iyayenta ne suka bayar

A'a. Dokar hana safarar mutane ta 2015 wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, hukuncin ɗauri ne daga wata 6 zuwa shekara 3, kuma yardar iyaye bata wanke ki. Wadda ta haura 12 ɗin ma in bata kai 18 ba yarinya ce a dokar kare haƙƙin yara ta 2003, tana da haƙƙin karatu kuma ba'a bata aikin da zai cutar da jikinta. Yaran Kwatano ɗin nan da ake ta yabo wai sun fi juriya basu da baki, ki san cewa a Binin akwai tsohuwar al'adar ba da riƙo da suke kira vidomegon wadda dillalai suka mayar kasuwanci, tun 2001 da aka yi badaƙalar jirgin ruwan Etireno mai ɗauke da yara a gaɓar Kwatano duniya ta san da maganar. Rashin bakin nasu ba hali bane, yarinya ce da bata san hanyar gida ba kuma bata da wanda zata kai wa ƙara.

Ranar hutu kuma? A ina aka taɓa yin haka a gidan Bahaushe?

Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 189 akan masu aikin gida ranar 16 ga Yunin 2011, a ciki akwai hutun awa 24 a jere duk sati. Ƙasashe irin su Afirka ta Kudu da Gini sun sa hannu sun mayar da ita tasu. Ƙiyasin ƙungiyar na 2021 ya nuna masu aikin gida a duniya sun kai miliyan 75.6, kusan kashi uku cikin huɗu mata ne, dan haka ba ƙaramar sana'a bace da za'a ce kowa ya yi yadda yaga dama.

Ko ba doka ma, jiki ne fa. Daga asuba zuwa sha ɗayan dare kwana bakwai a sati, ko injin niƙa ana kashe shi ya huce. In wuni guda ya miki yawa ki fara da rabin wuni tabbatacce wanda ba "ɗan zo ki riƙe min yaron nan" a cikinsa, sai awa ɗaya ko biyu da rana bayan an gama abinci. Makwanci kuma ba kicin ba, ba barandar da sauro ke cinta ba, katifa da gidan sauro da ƙofar da take rufuwa.

Zan iya karɓe wayarta da takardunta? Tsoro nake kar a hure mata kunne

Dokar waya lokacin aiki, eh kina iya sawa, kar a riƙe jariri ana kallon TikTok. Amma ƙwace wayar gaba ɗaya da hana ta magana da uwarta da kulle geti in zaki fita, da ajiye katin shaidarta ko fasfonta a durowarki, waɗannan sune ainihin alamomin da ake duba wa in ana binciken aikin tilas. Takardunta nata ne, ki ɗauki hoto ki mayar mata. 'Yan Binin da Togo suna shigowa ne ƙarƙashin yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 wadda ta bada kwana 90 ba biza, zaman da ya wuce haka yana son takardar zama, ki taimaka mata ta yi maimakon ki mayar da rashinta abin barazana. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025 amma ƙungiyar ta ce a cigaba da karɓar takardun 'yan ƙasar har sai an sanar da wani abu.

Kuma abin mamaki, mu ne fa muke tura bidiyon 'yan uwanmu mata da ke aikatau a Saudiyya da Labanan muna Allah ya isa, kafili wato ubangidan da ya ɗauko ta ya riƙe fasfo, an hana ta waya, wata biyar ba albashi, in ta fita a rubuta mata hurub wato ta gudu, ta ƙare a tarhil inda ake tsare waɗanda za'a koro gida. A 2020 da wani mutum a Labanan ya sa hoton wata 'yar Najeriya a Facebook wai yana sayar da ita dala 1,000 duk ƙasar nan sai da ta ɗauka. Toh wanne ne a cikin abubuwan nan ba'a yi a Nasarawa GRA ta Kano ko Gwarinpa ta Abuja? Bambancin kawai tamu bata da wayar da zata ɗauki bidiyon.

Tunda kin ambaci Saudiyya, ƙanwata na can tana aiki, me dokarsu ta ce?

Gyaran da Saudiyya ta yi wa tsarin kafala, wanda ke ɗaure ma'aikaci ƙarƙashin kafilinsa, a Maris 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba, su dokarsu daban ce. Sabuwar da ta fara aiki a Oktoban 2024 ta ce aiki kar ya wuce awa 10 a rana, hutun kwana ɗaya a sati da biya, hutun wata guda bayan shekara biyu, kuma mai gida baya da ikon riƙe fasfo ko igama wato katin zama. Kwangila da biyan albashi ana bi dasu ta manhajar Musaned. Duk wannan ga wadda ta shiga da bizar aiki ne. Wadda ejan ya kai da bizar umara ko ta ziyara ta zarce, ita ba kwangila ba inda zata kai kuka, kuma anan yawancin matanmu suke faɗawa.

Sarƙata ta ɓata kuma ita kaɗai ce baƙuwa a gidan

Ita kaɗai ce baƙuwa amma ba ita kaɗai ke da hannu ba. Akwai samarin gida, akwai ƙannen miji, akwai ƙawayen da ke shiga har uwar ɗaka, akwai ke kanki da kika canja ma'aji kika manta. Sau nawa ake dukan yarinya a tuɓe ta a kai ta wajen 'yan banga ko wajen mai duba, bayan sati a tsinci abin a aljihun wata jaka, kuma ba mai iya buɗe baki ya bata haƙuri. Ki fara bincike a nutse, ki tambaye ta ke da ita ba a gaban yara ba. In kina da hujja ta gaske ki kira wanda ya tsaya mata ko ki kai hukuma, duka da ƙona hannu da zuba barkono laifi ne da ake ɗaure mutum akai komai abinda ta ɗauka. Gwal kuma a kulle shi, wannan ko ba 'yar aiki a gidan.

Kyamara a falo da kicin ba laifi in ta san da ita. A ɗakin kwananta ko banɗaki haramun ne kuma abin kunya.

Zan iya kai ta gwajin asibiti kafin ta fara?

Da saninta da yardarta, a gaya mata me za'a gwada, kuma sakamakon sirrinta ne ba na group ɗin ƙawaye ba. Ki sani dokar 2014 ta hana nuna wariya ga masu cutar HIV ta hana a mayar da gwajin sharaɗin ɗaukar aiki, kuma cutar bata bin kwano ko girki ko goyon yaro. Tarin fuka shi yafi cancantar damuwarki, kuma shi ana warkewa.

Maigida da samarin gida fa?

Alhaji wannan naka ne. 'Yar aiki ba muharramarka bace kuma ba baiwarka bace, ba'a keɓewa da ita, ba'a aika ta gyaran ɗakinka kana ciki, ba'a yi mata kyautar ɓoye. Yarinyar da ke nesa da iyayenta bata da ƙarfin ce maka a'a, dan haka ko ta yi shiru ba yarda bace. Ke kuma Hajiya in ta zo miki da ƙorafin mijinki ko ɗanki kar ki fara da mari da "ƙarya kike munafuka", abinda aka saba kenan, a kore ta da daddare da ciki ko ba ciki a rufa wa ɗan gida asiri. Ki saurare ta, ki raba su nan take, in an taɓa ta a kai ta asibiti cikin kwana uku saboda maganin kariya daga HIV, sannan maganar hukuma. Na san da wuya, ɗanki ne, amma ita ma wata ce ta haife ta.

Yarana basa jin maganarta, har dukanta ƙaramin yake

Daga bakinki suka koya. In kina kiranta "ke" ko "waccan 'yar ƙauyen" ko "arniyar nan" haka zasu kira ta. Ki sa su ce Anti ko Yaya, in dattijuwa ce Baba ko Inna, su gaishe ta da safe, su kai kwanonsu kicin da kansu. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10 yace bai taɓa ce masa ko tir ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ba. In ta yi kuskure ki mata faɗa a gefe, ba a gaban yaran da gobe kike so su ji maganarta ba.

Buzu mai gadinmu kullum da baƙi da shayi a bakin geti

Shayin nan zaman duniyarsu ne, a kansa ake gaisawa ake jin labarin gida, kuma rawanin da yake rufe baki dashi mutunci ne a wajensu, kar yara su mayar dashi abin wasa. Ku yi magana akan adadin baƙi da waɗanda zasu kwana, wannan haƙƙinku ne saboda tsaro. Amma mutumin da ya kwana a farke ba'a tashe shi da rana wankin mota da cefane da ban ruwan fulawa a albashi ɗaya.

Zamu tafi Ingila, ina so in tafi da ita

Ki bi ta bizar masu aikin gida wadda bata wuce wata 6, kuma ki sani kina sauka dokar can ce ke aiki harda mafi ƙarancin albashinsu na awa. Kar ki kuskura ki rubuta ta a matsayin 'yarki a fasfo. A 2015 kotu a Landan ta ɗaure wani likita ɗan Najeriya da matarsa shekara 6 kowannensu saboda yaron da suka kai can suka riƙe yana musu bauta shekara 24 ba albashi ba makaranta.

Ta ce zata tafi, ni kuma na saba da ita yara ma sun saba

Ki tambaye ta dalili sau ɗaya, wataƙila ƙarin albashi ne ko kewar gida wanda hutun sati biyu zai magance, wataƙila kuma aure ne ko damina ta zo ana nemanta a gona, 'yan Nijar da yawa dama ci-rani suka zo ba zama ba. In ta dage ki roƙi ta baki sati biyu ki samu wata, ki lissafa mata kuɗinta cas harda kwanakin watan da bai cika ba, kar ki cire kuɗin kofin da ta fasa bara ko atamfar sallar da kika ce kyauta ce. In zaki duba jakarta ki duba a gabanta da shaida ba tare da wulaƙanci ba. Ki bata kuɗin mota har garinsu ba iya tasha ba, in ƙarama ce ko bata san hanya ba a haɗa ta da wanda aka sani, ki karɓi lambar direban, kuma ki kira iyayen ki gaya musu ranar da ta taso da motar da ta hau, in tafiyar ta tsallaka iyaka ce ta Jibiya ko Maigatari ko Seme ki tabbatar katinta na hannunta kafin ta fita daga gidan.